Ku daina cewa "yara ne", a gyara fitilun nan yau

Fitilun bakin makaranta an rotsa su da duwatsu cikin dare, gilashi ya warwatse daidai inda yara ke bi da safe. Da idona na ga wata 'yar ƙaramar yarinya ta durƙusa tana zare tsinin gilashi daga takalminta. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne bakin manya: "Yara ne, mu ma mun yi."

Eh, kun yi. Tun muna ƙanana ake cire kan famfo a garin nan, ana kankare allon sanarwa, ana zana sunaye a bangon aji da gawayi. Kuma kowane karo haka ake barin abin wata da watanni ba gyara. Nan matsalar take. Ɓarnar da aka bari ita ke kiran 'yar'uwarta.

A 1969 wani masanin halayyar ɗan'adam, Philip Zimbardo, ya ajiye mota a garin Palo Alto na Amurka, ta yi sama da mako ba wanda ya taɓa ta. Da ya ɗauki guduma ya fara fasa ta da kansa, masu wucewa suka taya shi. A 2008 masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan suka gwada da bango: inda yake a tsabtace, kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takarda a ƙasa, da aka ɓata shi da zane, suka kai kashi 69. Yaro yana ganin abin da muka ƙyale, ya san ba mai kishinsa.

Masu cewa rashin aikin yi ne, na ji, amma rashin aiki ba ya ɗora wa mutum dutse a hannu. Masu cewa a kama su a lakaɗa musu duka, duka ba ya kunna fitila. A gyara yau, kuma yaran da suka fasa su riƙe tsani, su share gilashin da hannunsu, iyayensu na tsaye. Wallahi ina son yaran nan, shi ya sa nake magana.

Af, ga wani abin da muka ƙyale: filin ƙwallon bayan makarantar fa? Shekara nawa ke nan da ciyawa ta cinye shi, sandunan raga suka karye? Wa ke riƙe da makullin ƙofarsa?