Riƙon yaro ba mallakar yaro ba ne

Iyaye da yawa da aurensu ya mutu suna ɗauka cewa wanda kotu ta ba riƙon yaro shi ya yi nasara, ɗayan kuma ya fita daga lissafi. Uba ya ce tunda an ba uwa yaron, ba ruwansa da kuɗin makaranta ko na asibiti. Uwa ta ce tunda bai aiko da kuɗin wata ba, kada ya sake tako ƙofarta da sunan ganin ɗansa. Dukansu sun kauce hanya.

Riƙo magana ce ta inda yaro zai kwana, da wanda zai tashe shi da safe ya shirya shi makaranta. Bai cire kowa daga zama uba ko uwa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ce a sashe na 9, yaron da ya rabu da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da ganinsa, sai fa in hakan zai cutar da shi. Sashe na 27 kuma ya ɗora wa ƙasashe alhakin karɓo wa yaro kuɗin ciyarwa daga iyayensa, ko da wanda ake bi ya koma wata ƙasa.

A lura, haƙƙin na yaron ne. Shi ya sa a Ingila da Amurka ciyarwa daban, ziyara daban. Uban da ya ƙi biya, hukuma ce ke bin sa. Ba a rama masa ta hanyar ɓoye ɗan shekara shidan da ke leƙen taga tun safiyar Asabar yana jiran babansa.