Hoton da Ba a Wanke Ba Shi Ya Wanke Ni

Kyamarar da ta jawo mini wannan abin kunya gado ce daga kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi karatun aikin gona a Tarayyar Sobiyet cikin shekarun 1970, ya dawo Damagaram da takardar shaida, da hular sanyi mai kunnuwa wadda bai taɓa samun ranar sa ta ba, da kuma Zenit-E guda ɗaya a cikin jakarta ta fata. Ranar da aka zo rabon kayansa, 'yan'uwa suka yi ta ja-in-ja a kan rediyo da keken ɗinki, ni kuwa na miƙa hannu na ɗauki wannan ƙarfe mai nauyin kusan kilo guda, ba wanda ya ce mini uffan. Da ina da wayo, da wannan shirun nasu ya ishe ni gargaɗi.

Ni mushe ne, wato malamin boko, shekara da shekaru ina koyarwa a lakwal, kuma ciwon masu irin aikinmu shi ne ba ma iya riƙe abu a hannu sai mun haddace tarihinsa mun kuma dami mutane da shi. Cikin wata guda na san cewa a garin Krasnogorsk, kusa da Mosko, aka fara ƙera irinta a 1965, kuma an ƙera miliyoyi. Na san ba ta cin batir ko kaɗan, domin 'yar tagar da ke goshinta da sinadarin seleniyom take auna haske. Idonta Helios ne mai milimita 58, labulen da ke buɗewa ya rufe a cikinta na ƙyalle ne, saurinsa kuma hawa biyar ne, daga 1/30 zuwa 1/500 na daƙiƙa. Idan ka danna ta, ƙarar da take yi kamar an buga ƙofar langa-langa. Duk wannan na karanta wa abokaina a fada, har ta kai in sun hango ni da jakar fata a wuya sai mai dafa shayi ya ce sukari ya ƙare.

Fim ɗin da za a sa mata shi ne babbar wahala. Sai da na jira wata biyu kafin wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Faransa ya aiko mini da naɗi biyu na Ilford FP4, baƙi da fari, kowanne mai hoto 36. Tun da zafi yana lalata fim, na nema masa masauki a firjin uwargida, tsakanin ƙullin zoɓo da na kunun aya da take sayarwa, ita kuwa ta shaida mini cewa wurin da ya tare na ƙulli huɗu ne, kuma tana rubutawa. Da na yi mata bayanin cewa ni da kaina zan wanke hotunan a ɗaki mai duhu, da ruwan magani wanda dole sanyinsa ya tsaya a digiri 20, saboda haka zan buƙaci ƙanƙara da ruwa mai yawa na ɗauraya, sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Mushe, ruwan da muke saye jarka-jarka a hannun 'yan garuwa shi za ka yi wa leda wanka da shi?" Ban ba ta amsa ba, domin mai ilimi ba ya jayayya da wanda ke riƙe da makullin firji.

Bayan ƙarfe da fim, sai na faɗa karatun doka, saboda na ji cewa mai ɗaukar hoto na gaskiya dole ya san haƙƙinsa. Na haddace Yarjejeniyar Berne ta 1886 mai kare haƙƙin mawallafa, da ta Bangui ta 1977 wadda ƙasarmu ke ciki, na kuma fahimci cewa hoto mallakar wanda ya ɗauka ne, ko da yake fuska ta mai ita ce, ba a yaɗa ta ba da yardarsa ba. Har dokar laifukan intanet ta 2019 na leƙa. A taƙaice, na shirya wa kowace irin shari'a, ban da wadda ta same ni.

Ana haka sai ƙanwar uwargida ta haihu, aka sa ranar suna, kakarsu ta taso daga Mirya. Wannan tsohuwa ba ta yarda a nuna mata salula, domin a cewarta ba za a sa ta cikin waya a yi ta yawo da ita gari-gari ba, maza suna kallonta a tasha. Ba ta taɓa jin sunan Berne ba, amma abin da na kwana uku ina karantawa game da yardar mai fuska ita ta faɗe shi cikin numfashi ɗaya. Da ta ga kyamarar kawu kuwa sai fuskarta ta saki, ta ce irin wannan ta sani tun tana amarya, wadda hotonta ke fitowa a takarda a sa a ƙasan akwati. "Angona," in ji ta, da yake haka take tsokanata, "kai kaɗai na yarda, sau ɗaya, kuma kada kishiyar nan tawa ta shigo ciki."

Nan fa kaina ya kumbura. Na kori samari masu salula gefe, na jera zuriya huɗu a kan tabarma: kaka, da Hajiya surukata, da mai jego, da jaririya. Na fitar da su daga inuwa zuwa tsakiyar rana, saboda ƙa'ida ta ce in rana ta take, a sa ƙofar haske a kan 16, sauri kuma a kan 1/125 ga fim irin nawa. Na matsa gaba, na ja da baya, na durƙusa, na hau turmi. Jaririya ta tsala kuka, Hajiya tana ta share gumi da bakin mayafi ba ta ce komai ba saboda kunya, ni kuwa na danna har sau shida, ina cewa wannan hoton jikokin jikoki za su gani.

Bayan mako biyu agogon ƙirgen kyamara ya nuna 28, na ƙagu in cika 36 in wanke. Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya na hau kabu-kabu zuwa Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda mai son hoto ba ya rasa abin ɗauka: zaurukan da aka yi wa zane a fuska, da ragowar ganuwar zamanin Sarki Tanimun, da lungunan da Barth, Baturen nan matafiyi, ya taka a ƙarshen 1852, da manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har zuwa 1926 ai ba zai rasa bangon da ya cancanci fim ɗin Ingila ba. Na ɗauki biyar, ina tafe ina yaba wa kaina, har na fita daga unguwar ban sani ba. Can sai na hangi wata akuya ta hau ƙololuwar dutse ta tsaya cak, rana tana bayanta. Na ɗaga, na saita, na danna. Ƙarar ƙofar langa-langar ba ta gama mutuwa ba na ji an ce, "Kai, mai hoto! Zo nan."

Sai a lokacin na sauke kyamara na ga abin da ke bayan akuyar: doguwar katanga, da tuta, da wani dogon ƙarfen sadarwa, da ƙofa mai masu tsaro. Ko yaron goye ya san ba a ɗaukar irin wannan wuri, amma mai leƙe ta ramin kyamara ba ya ganin duniya sai abin da ya sa a gaba.

"Barka da yamma, shef," na ce, muryata tana ɗan rawa.

Saurayi ne, bai fi sa'an ɗalibaina na farko ba. Ya karɓi kyamarar, nauyinta ya ba shi mamaki, ya juya bayanta yana neman gilashin da ake kallon hoto, ya tarar da baƙin ƙarfe. Ya ce in nuna masa abin da na ɗauka, na ce ba a gani. Ya ce to in goge, na ce ba a gogewa. Ya ce in ciro katin, na ce ba ta da kati. Ya dubi rubutun Rashanci da ke goshinta, wanda daga ni har shi ba mai iya karantawa, ya dube ni, ya ce in biyo shi.

Babbansu dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune a kan benci a gindin bedi. Ya karɓi kardantena, ya karanta, ya ce, "Mushe, me ya kawo ka bangonmu?" Na rantse masa cewa akuya kaɗai na gani. Da na tsaya nan da wataƙila an sallame ni, amma ciwon koyarwa ya motsa, na ƙara da cewa a gaskiya irin wannan kyamara kusan kashi biyu cikin uku na hoton kawai take nuna wa mai leƙe, saboda haka abin da ta ɗauka ya fi abin da na gani. Saurayin ya zaro ido, ya ce, "Shef, ka ji da bakinsa." Da na ga rijiya na haƙa wa kaina, sai na nemi tsani a wurin doka, na gyara tsayuwa na fara jawo Berne da Bangui, ina bayanin cewa hoto haƙƙin wanda ya ɗauka ne. Dattijon ya bar ni na kai aya, sa'an nan ya ce, "Ban musa ba, Mushe, hoton naka ne. Bangon kuwa namu ne."

Ya juya wurin yaronsa ya ce, "A fito mini da kilishen." Yana nufin ledar hoton, wadda wasu ke kira dodon hoto. Saurayin ya ƙame ya ce, "Na nawa, shef? Mai yaji ko marar yaji?" Ni kaɗai na yi dariya, kuma ban daɗe ina yi ba.

Na shiga roƙo. Na ce hoto 34 ne a ciki, har da na suna, har da na tsohuwar da ba za ta sake zama ba, kuma da zarar haske ya taɓa fim duk sun ƙone. Na ce a bar ni in naɗe shi cikin gwangwaninsa in ba su ajiya, saurayin da ɗazu yake cewa in goge ya ce kada a bari in murza komai, shaida zan ɓatar. Na ce to a ba ni ɗaki mai duhu da ƙanƙara in wanke a gabansu. Dattijon ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda rana ta taɓa, ya ɗora kyamarar a cinyarsa, ya laluba gefenta kamar wanda ya saba, ya ja sakatar. Na runtse ido ina salati.

Shiru ya yi yawa. Da na buɗe ido sai na ga kafaɗun dattijon suna rawa, hawaye na bin gemunsa, dariya ta hana shi magana. Ya juyo mini da cikin kyamarar. Ga gwangwanin fim a mazauninsa, ga harshen fim ɗin kwance a wurin da na ajiye shi wata guda da ya wuce, ƙwarƙwaron da ya kamata ya naɗe shi kuwa fayau, ko zare babu. Harshen ya zame tun ja na farko, haƙoran ba su taɓa kama shi ba. Agogon ƙirge shi ba ruwansa, in ka ja hannu zai ƙara ɗaya ko da fim ko babu. Wata guda ke nan ina hawa turmi ina durƙuso ina ɗaukar iska.

"Mushe," ya ce da ya samu numfashi, "da kake jan hannun nan, ka taɓa duba ko wancan abin murzawar na hagu yana juyawa?" Ashe yana yaro ya yi aiki a shagon wani mai hoto a Zango, shi ke shanya hotuna a igiya. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ya cusa harshen a tsagar ƙwarƙwaro, ya tabbatar haƙora sun shiga ramukan gefe, ya rufe, ya danna sau biyu yana nuna ƙasa, abin murzawar yana juyawa gwanin sha'awa. Wannan darasi yana shafin farko na kowane littafin koyon hoto, shafin da na tsallake don sauri in kai ga Krasnogorsk. Ya miƙo mini kardante ya ce tun da babu hoto babu laifi, in tafi, amma nan gaba ko akuya zan ɗauka in fara duba maƙwabtanta.

Kotun gida ba ta yi mini wannan sassauci ba. Uwargida ta saurari labarin tana tallafe da haɓa, ba ta yi dariya ba ko a wurin kilishi, ta tashi ta ciro naɗi na biyu daga firji ta ajiye mini a kan tabarma, ta mayar da ƙulli huɗu na zoɓo mazauninsu. Hukuncin da ta yanke shi ne in je Mirya da ƙafata in faɗa wa kaka da bakina.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar garin, na yi tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba kamar mai zuwa Agadas a ƙasa, da goro a aljihu. Na durƙusa na yi bayani tun daga harshen fim har zuwa haƙora. Tsohuwa ta ɓare goro, ta tauna, ta daɗe tana kallon jakar fatar da ke wuyana.

"Angona, abin nan ya fi ka tarbiyya," ta ce. "Ka tsayar da surukarka a rana kana leƙenta ta rami, shi kuwa ya ji kunya ya rufe ido."

Na tambaya ko za ta sake zama. Ta ce izinin sau ɗaya ta bayar kuma na cinye shi, na biyu sai da turmin atamfa, kuma a inuwa, kuma sai na kawo mata dattijon nan mai gemu shi ya sa fim ɗin da hannunsa.