Andrew Mynarski, da abin da ya faru a wutsiyar jirgi

Jama'a akwai wani labari da ya ƙi fita daga raina tun da na karanta shi, kuma na san wasu za su ce meye haɗinmu da Baturen Kanada da ya mutu tun zamanin yaƙin Hitila. Ku dai yi haƙuri ku karanta.

Sunansa Andrew Mynarski, haifaffen Winnipeg, iyayensa 'yan Poland ne da suka yi ƙaura. Ba ɗan kowa ba ne, aikin yankan fata yake yi kafin ya shiga soja. A jirgin Lancaster mai ɗaukar mutum 7 shi ne mai bindigar da ke saman tsakiyar jirgi, abokinsa Pat Brophy kuma yana can wutsiya cikin wani ɗan akurkin gilas mai juyawa, wanda ko miƙe ƙafa ba a iya yi a ciki.

Daren 12 ga Yuni 1944 wayewar 13, mako guda bayan sojojin ƙawance sun sauka a Normandy, aka tura su daga Ingila su jefa bam kan tashar jirgin ƙasa ta Cambrai a Faransa. Fitarsu ta 13 ke nan. Jirgin Jamus ya tare su cikin duhu ya buɗe musu wuta, injinan hagu biyu suka mutu, wuta ta kama ta baya, matuƙi ya ce kowa ya dira. Mynarski har ya kai bakin ƙofa, sai ya waiga ya hango Brophy ta cikin harshen wuta, akurkin ya cije ya ƙi juyawa, ba hanyar fita.

To nan ne fa. Ƙofa a buɗe, lemar dira daga jirgi a jikinsa, taku ɗaya ya rage, amma mutumin nan ya juya ya rarrafa cikin mai da ke ci da wuta har ya isa wajen abokinsa, ya ɗauki gatari yana saran ƙarfen, gatari ya ƙi ci ya koma da hannu yana ja, alhali wandonsa da lemarsa sun kama. Brophy yana ta yi masa hannu ya tafi ya tafi. Da ya ga ba dama ya koma bakin ƙofa, ya miƙe tsaye jikinsa na cin wuta, ya sara masa, sannan ya dira. Brophy ya ce ya ga bakinsa na motsi, kuma ya gane irin sai da safen da ya saba yi masa ne cikin raha kowane dare, don shi Brophy hafsa ne. Faransawan ƙauye ne suka tsinci Mynarski da sauran numfashi, bai jima ba ya cika, yana da shekara 27.

Ikon Allah kuma, wanda aka bari a cikin jirgin shi ne ya rayu. Jirgin ya faɗi da bamabamansa, akurkin ya fashe ya wurgo Brophy waje da ransa. Mai rabon shan ruwa ke nan.

Yanzu ga inda nake so in tsaya. Ni ban yarda a yi ta kambama yaƙin bam ɗin nan kamar wani abu mai tsarki ba, rundunar jiragen bam ta Birtaniya da yake ciki ita ce ta ƙona Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, mata da yara dubbai suka mutu a ƙasa, wannan ba abin da za a shafa masa mai ba ne. Su kansu Turawan Ingila sun daɗe suna kame-kame a kai, sai 2012 aka buɗe wa sojojin rundunar wurin tunawa a Green Park da ke Landan. Amma wanda ya zana taswira a ofis daban, yaron da aka ɗaure cikin jirgi daban. Cikin kusan mutum 125,000 da suka tashi a jiragen rundunar, 55,573 sun mutu, ku lissafa da kanku.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, lambar jarumta ta Victoria Cross da aka ba Mynarski a 1946 bayan mutuwarsa ta zo ne kawai don Brophy ya tsira ya ba da labari. Da jirgin ya tarwatse da Brophy, shi ke nan, sunan Mynarski ne kawai a kan dutse a maƙabartar Méharicourt ta Faransa. Sai na tuna tsofaffinmu da aka kwasa zuwa Bama a wannan yaƙin dai, a rundunonin Afirka ta Yamma ta 81 da ta 82, nawa ne a cikinsu suka koma ɗauko ɗan'uwa a dajin Arakan kuma ba wanda ya rage da zai faɗa? Wanda ya rage ɗin ma wa ya zauna da shi da biro da takarda?

Shi Mynarski kam, har yau akwai Lancaster a Hamilton ta Kanada da aka yi wa fenti irin na jirginsa, ɗaya daga cikin biyu kacal da ke iya tashi a duniya.