Wai ciwon baya ba ya kisa

Duk wanda ya sake ce min ciwon baya ba ya kisa, ya zo gidanmu da asuba ya ga yadda ake tayar da Baba daga shimfiɗa. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan keken ɗinki, ya aurar da 'ya'ya huɗu da guminsa, yau sai Umma ta riƙe kafaɗa, ƙanena ya tallabo ƙugu, kafin ya iya zama ya yi alwala. Shekara huɗu ke nan a kan kujera yake salla. Ranar da ya fara sujada da ishara sai da ya yi hawaye, kuma ba zafin ciwon ne ya sa shi ba.

Da ransa, alhamdulillahi. Amma shago ya rufe, kekuna biyu sun tafi a kuɗin magani, ƙanena ya ajiye karatu ya kama jan adaidaita sahu.

Ku zo asibiti ku ga wulaƙanci. Mu fito bayan sallar asuba, a yanki kati, a zaunar da mutumin da ba ya iya zaman minti goma a kan bencin katako har azahar. In an shiga, minti biyar: likita ko taɓa bayan bai yi ba, ya rubuta magani da hoto. Ban cika ganin laifinsa ba, na ga layin da ke jiransa. To amma laifin wa? Aka ce sai an yi MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, na'urarsu kuma ta lalace, mu tafi na kuɗi. Abin da suka caje mu ya haura naira dubu 70, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Umma ta sayar da tumakinta. Hoto ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya turo yana danne jijiya, shi ya sa zafin ke sauka har tafin ƙafa. Aka tura mu gashin ƙashi, can kuma aka ce mu dawo bayan mako shida. Mako shida! Ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga ramukan titi, kowane rami sai Baba ya yi salati.

Wanda ya gaji da wannan ina zai nufa? Kemis. Yaron shago ya ƙulla masa haɗi a leda: diclofenac, ibuprofen, wani lokacin har da tramadol. Shekara biyu yana sha, sau da yawa cikinsa babu komai. Ba wanda ya taɓa ce mana irin waɗannan ƙwayoyin suna cin ciki suna taɓa ƙoda, sai da bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin aka kwantar da shi da gyambon ciki. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Magana ɗaya tak ta ishe mu, amma kowa kuɗinsa ya karɓa ya yi shiru.

Masu lasifika a bakin kasuwa su kuma komai basir ne ko sanyi. Mun saya, mun jiƙa, an yi ƙaho har bayan ya cika da tabo. Dangi kowa likita ne: wannan ya ce jifa ne, waccan ta ce tsufa ne a yi haƙuri. Su ce Allah ya sawwaƙe, su karkaɗe riga. Har akwai wanda ya ce Baba ya cika raki, don ciwon ba jini yake fitarwa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya. A ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023, abin da ta ƙarfafa shi ne a wayar wa majinyaci kai, ya riƙa motsa jiki bisa tsari, ta kuma ja kunne a kan ɗamarar baya da ƙwayoyi dangin tramadol. Mu kuwa kwanciya muka sa shi, ɗamara muka sayo masa da tsada, har ƙafafunsa suka saki. Wa ya zaunar da mu ya yi mana bayani?

A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma har yau ko sirinji daga aljihunmu yake fita. Tela ba mutum ba ne? Manomi da ɗan dako da mai dakan sakwara, waɗanda bayansu ne jarinsu, ina za su sa kansu?

Jiya na tarar da Umma ta dafe ƙugu a bakin murhu, tana aiken yaro kemis ya karɓo mata haɗi. Na ƙwace kuɗin, na ce, "Umma, don Allah kada ki sha, kin ga abin da ya yi wa Baba." Ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, in na kwanta, wa zai tayar da babanku gobe?"