Casun Disamba a Abuja: ku bar ƙananan yara a gida

Disamba ta ƙarato, allunan talla sun fara cika hanyar filin jirgi, kowane mai shirya casu yana shelar mawaƙan da zai sauke. A irin wannan lokacin ne iyaye ke yawan tambaya: idan na sayi tikiti, zan iya tafiya da yarona ɗan shekara uku? Wata babu wanda za ta bar wa shi, wani kuma tallan ne ya ruɗe shi da aka rubuta cewa taro ne na iyali.

Ra'ayina shi ne, yaron da bai kai shekara 6 ba, ba shi da abin yi a babban taron kiɗa na dare, ko a Eagle Square ake yi ko a filin wasa na Moshood Abiola. Daga 6 zuwa 12 kuma sai da rana, sai kuma da sharuɗɗa. Maganar tarbiyya, irin kalaman da ke cikin waƙoƙin da irin shigar da ake yi, na bar wa kowane gida da malamansa. Jikin yaron nake magana a kai, domin shi ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Mu fara da kunne, don nan ne ɓarnar da ba a gani take.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. A ƙa'idar kiyaye lafiyar ma'aikata, babban mutum zai iya zama cikin ƙarar desibel 85 na awa 8. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 100 kuwa minti 15 kacal. Manyan tarukan kiɗa suna kaiwa 100 zuwa 110, musamman kusa da dandamali. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren casu, ta ce kada matsakaicin ƙarar ya wuce 100, kuma wannan da manya aka yi lissafinsa. Ga yara, ma'aunin da hukumar ta bayar na saurare ba tare da cutarwa ba shi ne desibel 75 na awa 40 a mako. Idan ka bi lissafin nan na rabawa biyu, yaro a cikin ƙarar 100 zai cinye rabonsa na mako guda cikin ƙasa da minti 8. Mawaƙin farko ma bai gama gaisawa da jama'a ba.

Jama'a sun ɗauka dodon kunne ne ke fashewa, shi ya sa idan ba su ga jini ko ruwa ba sai su ce lafiya lau. Ba nan matsalar take ba. Can cikin kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyi masu siririn gashi dubu goma sha wani abu. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, idan ta daɗe ta kashe wasu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu aikin da zai dawo da shi. Ramin kunnen ƙaramin yaro kuma ya fi na babba ƙanƙanta, don haka sautin da ya shiga ya fi matsa masa. Ga shi ba zai iya cewa "Baba, kunnena yana ƙugi" ba. Kuka zai yi, a ce rigima ce. Wanda ya fi ban tausayi ma shi ne jaririn da ya yi barci a tsakiyar kiɗa, uwar ta ce ai ga shi ya saba. Barci ba ya rufe kunne. Kuma wannan ne shekarun da yaro ke koyon magana da kunnensa, duk abin da ya rage masa ji zai iya bayyana a harshensa da karatunsa daga baya.

Auduga ba ta tare wata ƙarar a-zo-a-gani, a daina wahalar da kai. Hula ko mayafi ma haka. 'Yan sosunan nan da manya ke cusawa a kunne ba su dace da yaro ƙasa da shekara 3 ba, zai zare ya kai baki, ya shaƙe. Abin da ke aiki shi ne marufin kunne mai kofi biyu, irin na ma'aikatan filin jirgi, wanda aka yi daidai kan yara. A jikin kwalin za ka ga an rubuta yana rage desibel 22 ko 25, amma wannan awon ɗakin gwaji ne, a waje ka yi lissafi da kusan rabi. Dole ya manne da fata ta kowane gefe. Kitso mai duwatsu, ɗankunne mai girma, hular sanyi a ƙarƙashi, duk suna buɗe kafar da ƙara za ta shiga. Kuma marufin bai cika tare dukan ganga mai nauyi ba, wanda ake ji har a ƙirji. Sannan wane ɗan shekara biyu ne zai bar abu a kansa na awa huɗu bai fizge ba?

Sai cunkoso, wanda shi ba ya jiran shekaru kafin ya nuna illarsa.

Masu nazarin taron jama'a suna ƙirga mutum nawa ne a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, wato ya ɗan fi daddumar salla kaɗan. Mutum biyu ko uku a ciki, babu damuwa. Idan aka wuce biyar an shiga haɗari, domin daga nan ba kai ke tafiyar da kanka ba, taron ne ke tafiya da kai. Yawancin waɗanda ke rasuwa a turmutsutsu ba tattakewa ce ke kashe su ba, matsewa ce. Ana danne ƙirji har ya kasa buɗewa ya shaƙi iska, mutum ya suma a tsaye. Babba zai iya dunƙule hannuwansa a gaban ƙirji ya sama wa kansa ɗan sarari. Yaro ɗan shekara huɗu fuskarsa tana daidai ƙugun mutane, babu iska, babu wanda ke ganinsa.

A watan Nuwamba na 2021, a wani taron kiɗa a Houston da ke Amurka, mutum 10 suka rasu sakamakon matsewa, ƙaraminsu ɗan shekara 9 ne. A wuyan mahaifinsa yake, mahaifin ya suma, yaron ya faɗo. Don haka masu cewa "ai zan ɗora shi a wuya" su sake tunani. Mu nan gida ma ba sai mun je nesa ba. A Disambar 2024 yara 35 suka rasu a wani taron shagalin yara a Ibadan, bayan 'yan kwanaki kuma mutum 10 suka rasu a Maitama wajen rabon kayan abinci, har da yara a ciki. Waɗannan ba casun kiɗa ba ne, amma yadda abin ke faruwa iri ɗaya ne: jama'a da yawa, ƙofa ƙarama, na baya suna turowa ba su san halin da na gaba ke ciki ba.

Goyo fa? Iyaye mata, a nan ku saurare ni da kyau. Goyo yana da daɗi a kasuwa da gidan biki, amma a cikin matsi shi ne mafi muni. Turawa daga baya take zuwa, jaririn ne zai fara karɓarta, an matse shi tsakanin bayanki da ƙirjin wani ƙato. Ba kya ganin fuskarsa, kiɗa kuma ba zai bari ki ji kukansa ba, balle ki lura ya yi shiru. Ga majanyi yana iya kwancewa.

Wuraren da abin ya fi ɓaci sanannu ne. Bakin ƙofar shiga, lokacin da marasa tikiti suka yi ƙoƙarin kutsawa, masu tsaro kuma suka mayar da martani da bulala ko barkonon tsohuwa, wanda huhun yaro ba zai ɗauka ba. Gaban dandamali wajen shingen ƙarfe, lokacin da babban mawaƙi ya fito ko aka fara watsa kuɗi da riguna. Sai ƙofar fita idan an tashi, kowa na son ya riga kowa zuwa mota.

Ga kuma lokaci. Tikiti zai ce ƙarfe 6 na yamma, kowa ya san wanda aka zo dominsa ba zai hau ba sai tsakar dare ko bayan haka. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuwa 11 zuwa 14. Ka biya kuɗi mai yawa don yaron ya yi awa biyar yana kuka, kai ma ba ka ji waƙar ba. Ƙurar hunturu, hayaƙin janareta, na masu gashin nama, na shisha da sigari da abin da ya fi sigari, duk a hancinsa za su ƙare, idan yana da asma kuwa ba a magana. Banɗakin roba da dubban mutane suka shiga, babu ruwa, babu wajen canza famfas. Jaririn da bai kai wata 9 ba kuma bai karɓi rigakafin ƙyanda ba tukuna, ga lokacin rani ne da sanƙarau ke yawo a wurin cunkoso.

To wanda yaronsa ya kai 6 ko 7 kuma ya nace sai an je fa? A zaɓi taron rana, a fili buɗaɗɗe mai ciyawa da wurin zama, wanda za a tashi kafin magariba. Kafin a sayi tikiti a tambayi masu shiryawa: shekara nawa kuke bari a shigo, ƙofofin fita nawa ne, akwai motar asibiti da ma'aikatan jinya, ina ake kai yaron da ya ɓata? Idan suka fara kame-kame, amsar ke nan.

A je da wuri kafin ƙofa ta cika, a zauna can baya, ta gefe, kusa da hanyar fita. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika ƙarar tana raguwa da desibel 3 zuwa 6, don haka mita 40 da mita 10 ba ɗaya ba ne. Sai dai a ɗaga kai a duba, a manyan taruka ana kafa ƙarin lasifikoki a kan turaku a tsakiya da bayan fili, kada ka gudu daga na gaba ka zauna ƙarƙashin na baya. Gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai 85 ko ta wuce. Akwai manhajojin auna sauti a waya, ba su kai na'urar gaske ba amma suna ba da haske. Marufin kunne ya zauna a kai, kuma duk bayan minti 30 ko 40 a fita da yaron inda babu ƙara ya huta na minti 10.

Babba ɗaya ga yaro ɗaya. Ba a haɗa wa yayarsu 'yar shekara 13 ƙanne biyu a ce ta kula da su. A sa wa yaro riga mai launi mai ɗaukar ido da takalmi rufaffe, silifas yana cirewa, yaro ya sunkuya ɗauka a tsakiyar mutane, nan ake faɗuwa. A ɗauki hotonsa a waya kafin a shiga, da kayan da ke jikinsa a ranar. A rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, a kuma rubuta a damtsensa da biro, a nuna masa ma'aikatan wurin masu yunifom ko wata uwa mai yara a ce wurinsu zai je idan bai gan ku ba. Kada a dogara da kira, inda dubban wayoyi suka taru sabis yakan ɗauke, saƙon tes ya fi saurin wucewa. A tafi da ruwan sha da ɗan abinci daga gida da rigar sanyi. Da zarar ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare, ko ka kasa ɗaga hannu, lokacin fita ya yi. A ɗauki yaron a ƙirji, a riƙa ratsawa ta gefe, ba a tunkarar taro gaba da gaba. Kuma a fita saura minti 30 a tashi, ko da waƙar da aka fi so ce ta rage.

A shirya motar komawa tun daga gida. Mai zama a Kubwa, Lugbe ko Nyanya ya san abin da ake nufi da tsayawa bakin titi da dare da yaro a kafaɗa ana neman tasi, a garin da 'yan wan cans, masu fashi da sunan motar haya, ke aiki. Lambar gaggawa 112 ce.

Af, kada mu ɗora wa casu laifi shi kaɗai. Gidan bikin da aka jera wa DJ lasifika huɗu a ɗakin taro, aka zaunar da masu jego a gabansu, ƙararsa ba ta da bambanci da abin da nake faɗa, wani lokacin ma rufaffen ɗaki ya fi muni don sautin yana dawowa daga bango. Haka taron wa'azi ko na coci da aka ƙure na'ura. Kunne bai san bambancin abin da ake faɗa a lasifikar ba.

Idan an riga an je, a lura da yaron washegari. Yana yawan taɓa kunne, yana cewa yana jin ƙugi ko kunnensa ya toshe, ana kira yana ta "na'am?", yana ƙara sautin talabijin? Sau da yawa jin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma dawowarsa ba ta nufin babu abin da ya lalace, don haka a nisanta shi da ƙara a kwanakin. Kada a ɗiga masa man zaitun ko wani magani a kunne, kada a sa tsinken auduga. Idan aka wuce kwana biyu alamun suna nan, ko akwai ciwo ko ruwa na fita, a kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro a nemi a yi masa gwajin ji.