Wai "Lissafi Kawai Za Ka Yi"

Yau kwana tara ina kokawa da fayil guda, ko matsakaicin farashin gero ban fitar ba. Wanda ya ba ni aikin kuwa kullum sai ya bugo waya: "Malam, ai bayanan suna nan, lissafi kawai za ka yi." Lissafin me, fisabilillahi?

Bincike ne kan farashin hatsi a Dawanau, Jibiya da Maraɗi. Mutum shida suka tattara, kowa ya rubuta yadda ya ga dama, aka cusa komai cikin fayil ɗaya na CSV, wato tebur na rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa, aka turo mini. Ina buɗe shi a R, manhajar ƙididdiga, sai ga layukan Maraɗi sun dunƙule a gurbi guda. Ashe kwamfutar mai tattarawar can a kan tsarin Faransanci take: waƙafi mai ɗigo (;) ke raba bayanai, shi kuwa waƙafi zalla a cikin lamba yake aiki, 12,5 na nufin sha biyu da rabi. In na yi amfani da read.csv2, umarnin R na karanta irin wannan tsarin, na Maraɗi su gyaru, na Kano su watse. In na koma read.csv, umarnin tsarin da aka saba, a sake juyawa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Je ka gurbin farashi ka sha kallo: 25,000, da 25k, da "dubu 25", har da wani bawan Allah da ya rubuta "kamar jiya". Wace jiya? Naira da sefa a gurbi ɗaya ba alama. Wani da tiya ya auna, wani da mudu, wani da buhu, babu wanda ya faɗi nauyin buhun. Inda ba a samu amsa ba, wannan ya bar fili, wancan ya sa 999, wani ya rubuta "babu". Da ban lura ba, da 999 ɗin nan ya shige cikin lissafi a matsayin farashi, kuma ni za a kira maƙaryaci.

Sai ta'asar Excel. Wani ya buɗe fayil ɗin a ciki ya sake ajiyewa, sifilin farkon lambobin waya duk ya ɓace. Kwanan wata kuma, 03/04 uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris? Haruffanmu masu lanƙwasa sun fi kowa shan wahala: da yake ba a karanta fayil ɗin da UTF-8, tsarin da ke gane irin waɗannan haruffa, ba, ƙ ta koma Æ™, garin Maraɗi ya rabu gida uku, Maradi, MARADI da wani tarkace da ba ya karantuwa. Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Oktoban 2020 hukumar lafiya a Ingila ta yi asarar bayanan masu korona kusan 16,000 saboda tsohon fayil ɗin Excel ba ya wuce layi 65,536.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, zaman awa ɗaya kafin a fita kasuwa ya isa a tsayar da ma'auni da salon rubutu, ko a ɗora tambayoyin a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, ta yadda gurbin lamba ba zai karɓi "kamar jiya" ba. An kashe kuɗin mota da na masauki, wannan ne aka ga ɓata lokaci.

Ɗazu mai aikin ya sake kira, wai an gano ragowar bayanan Jibiya. Na ce a turo. Hoton littafin rubutu ne aka ɗauka da waya, rabin shafin inuwar yatsa ta rufe shi.