Ragon da aka kai gidan kansila, wa ya saya?

Shekara biyar doka ta ba kansilolin da muka zaɓa a Kamaru ranar 9 ga Fabrairun 2020. A 2024 aka ƙara musu wa'adi daga Yawunde, suka ci gaba da zama ba tare da sun dawo gaban masu ƙuri'a ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan ƙarin, amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Mutum ya yi wannan doguwar zama yana yanke hukunci kan kuɗin garinsu, ya tashi ya tafi, babu wanda ya san abin da aka kai masa gida, ko wanda ya kai. Duk mai shakka ya shiga ofishin magajin garinsu, a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ya nemi a nuna masa littafin da kansiloli ke rubuta kyautar da suka karɓa.

Da ka ɗaga maganar sai a tare ka da al'ada. Wai mu mutanen arewa ba ma zuwa gaban babba hannu rabbana, wai mayar da kyauta cin fuska ne, wai goron Sallah ba cin hanci ba ne. Na gaji da jin wannan hujja, domin masu kawo ta sun san ƙarya suke karewa. Ba wanda ya ce a rubuta kazar da tsohuwa ta kawo wa ɗan ƙanwarta, ko ƙwaryar furar da aka tarbi baƙo da ita. Ana maganar ragon da ɗan kwangila ya aiko ana saura mako guda a zauna kan kasafin kuɗi. Ana maganar kujerar Umra, da ɗakin otal da wani ya biya, da man mota da ake zubawa duk wata, da babur ɗin da aka ba ɗan gidan kansila. Wace al'ada ce ta ce a yi wa mutum irin wannan alheri ranar da ya hau kujera, a daina ranar da ya sauka?

Addinin da suke jingina da shi ma ya riga ya yanke wannan magana. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya sa bai zauna a gidan ubansa ko uwarsa ba, ya ga ko za a kawo masa kyautar. Malamanmu suna karantar da wannan hadisi a zaure, kansilolinmu da yawa sun ji shi tun suna yara. Saboda haka kada wanda ya ce mana daga Turai aka kwaso batun.

Wasu na ganin kansila ƙaramin mutum ne, ba ya sa hannu a takardar kuɗi, to me za a saya a wurinsa? Ƙuri'arsa za a saya, kuma tana da tsada. Kansiloli ne ke zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su ne ke duba lissafin abin da magajin gari ya kashe a ƙarshen shekara. Suna cikin masu zaɓen sanatoci 70 daga cikin 100 da ke majalisar dattawa, su ne kuma suka zaɓi wakilan gundumomi a majalisun jihohi a Disamban 2020. A ƙaramar hukumar da mutanenta ba su kai 50,000 ba, kansiloli 25 ne kacal. Ke nan wanda ya mallaki mutum 13 ya mallaki garin: shagunan kasuwa, tashar mota, filaye, rijiyoyin burtsatse, har da ƙananan ayyukan da ba su kai sefa miliyan 5 ba, waɗanda ake bayarwa ba tare da an buɗe gasar neman kwangila ba. Ga kuma dokar zaɓe da ta ce jam'iyyar da ta samu fiye da rabin ƙuri'u ta kwashe kujerun duka, wanda ya sa majalisu da yawa ba su da ɗan adawa ko ɗaya da zai ɗaga yatsa.

Nan ne hatsarin yake, kuma shi ne abin da masu waƙar al'ada ba sa son a faɗa. Kyautar da ta fi ɓarna daga sama take saukowa: daga magajin garin da ke son a wuce da lissafinsa ba tambaya, daga mai neman kujerar sanata, daga attajirin da ya ƙyalla ido kan wani fili. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kansilan da aka biya wa kuɗin asibitin matarsa ba zai tashi a zauren majalisa ya tambayi dalilin da ya sa ajin da aka gina bara ya tsage ba, ko da yaransa ne ke zama a ciki.

Masu cewa a ƙara wa kansiloli alawus su daina karɓa sun taɓa ganin minista mai albashi ya ƙi ambulan? Masu cewa a jira Yawunde kuwa sun manta tarihi. Sashe na 66 na kundin tsarin mulkin 1996 ya wajabta wa duk mai riƙe da kujerar zaɓe ya bayyana dukiyarsa ranar shiga da ranar fita. An yi dokar aiwatar da shi a Afrilun 2006, shekarar da aka kafa CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasa. Har yau ba a ga aikin dokar a ƙasa ba. Ƙasar da Transparency International, ƙungiyar duniya mai bin diddigin cin hanci, ta sa a sahun farko na cin hanci a 1998 da 1999, ta kuma bar wannan sashe yana barci kusan shekara talatin, ba daga can za a zo a ƙirga mana raguna ba.

A Ingila, ƙa'idar da ƙungiyar ƙananan hukumomi ta fitar a 2020 ta ce kansila ya rubuta duk kyauta ko liyafar da ta kai fam 50 cikin kwana 28, har babbar kyautar da ya ƙi karɓa ma ya faɗa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, littafi ne da alƙalami. Mu ma majalisar kowane gari na iya sa haka cikin dokokin zamanta: a tsayar da adadi, a ajiye littafi wurin babban sakatare, a liƙa shafinsa a allon sanarwa. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta riga ta ba kowane mazaunin gari ikon neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, sai a haɗa da wannan.

Za su ce wanda zai ci ba zai rubuta ba. Haka ne, amma a garuruwanmu rago ba ya shiga gida a ɓoye, unguwa duka ta gani. Ranar da aka ga ragon ba a ga sunansa a littafi ba, an sami abin kama mutum da shi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a zaɓe mai zuwa, ɗan jam'iyyar RDPC ne ko ta UNDP ko ta FSNC, a tambaye shi a gaban jama'a ko zai sa hannu kan wannan littafi, a kuma ɗauki amsarsa a waya.